Bahaguwa Da Wuƙar Kawu

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba", na gan ku ɗaya bayan ɗaya, kuma na yafe muku. Wadda ta ce za ta biyo ni har gida ta ƙwace wayar ta rubuta da kanta, ina nan ina jiranki, ki taho da caja.

Sababbin shigowa ku matso in ɗora ku a hanya. Mai Sandal ya faɗi a babur, jijiyar hannunsa na dama ta taɓu, tun daga nan hannun ke rawa, ko allura ba ya iya riƙewa. Matarsa, wadda kowa ke kira Bahaguwa saboda da hagu take komai, ita ta ɗauki aikin a ɓoye. A ɗakin ajiyar gidansu take ɗinka takalman, shi kuma ya kai shago ya jera, jama'a na ta yabon hannunsa. Makon jiya ma suka miƙa babban aikinsu na farko, kwali guda na sandal ɗin ɗalibai, ga wata makarantar 'yan mata. To yau ga Kawu nan tafe, mai shagon, wanda ya koya wa Mai Sandal sana'ar.

*

Tun da sassafe suka kwaso kayan aiki daga gida suka mayar shago. Guduma, basilla, almakashi, gwangwanin gam, ƙafafun katako, ba abin da suka bari. Bahaguwa ce ta jera su a kan tebur, kowanne ta ɓangaren dama, yadda mijinta ke ajiyewa a da. Har gutsattsarin fata ta watsa a ƙasa, ta buɗe gam ɗin don shagon ya ɗauki wari.

Maman Biyu, maƙwabciyarta da ke taya ta yankan maɗauri, ta kama ƙugu tana kallo, ta rantse ko ɗan sanda ne ya shigo ba zai gane komai ba.

Ni kuwa na ce Maman Biyu ba ki san Kawu ba.

Da hantsi ya iso, a ƙafa tun daga tasha, wai yana so ya gwada takalmin da ya ɗinka wa kansa. Gajeren tsoho ne mai tabarau mai kauri, farcen babban yatsansa ya baje ya yi baƙi saboda dukan guduma. Ba ya doguwar gaisuwa. Duk wanda ya yi koyo a hannunsa ya san in ya yi shiru, to akwai magana a ƙasa.

Ranar da ya bar wa ɗan ƙanwarsa shagon ya koma ƙauye, sharaɗi ɗaya ya kafa: shagon na mai aiki da hannunsa ne. Ranar da aka daina ɗinki a ciki, aka koma saro na kasuwa ana jerawa, ranar zai karɓe makullinsa. Mai cajin waya na shagon gefe kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu, so yake ya fasa bangon ya faɗaɗa nasa. Shi ne ya buga wa Kawu waya ya tsegunta masa cewa an jima ba a ji ƙarar guduma a shagon ba.

Bahaguwa ta shigo da shayi, ta durƙusa ta gaida shi, ta ajiye kofin a gabansa da hannun dama tana lura da kanta sosai. Ya amsa a taƙaice, ya tambayi yara, ta ce suna makaranta. Maimakon ta koma gida sai ta raɓe a bakin ƙofar baya kusa da Maman Biyu, don ƙafarta ta ƙi tafiya.

Kawu bai taɓa shayin ba. Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko sandal ɗaya. Ya juya shi, ya lanƙwasa, ya ja maɗaurin da ƙarfi, ya kai shi hanci ya shinshina. Mai Sandal na tsaye a gefe, hannun dama a cikin aljihu, yana wani murmushi da bai wuce leɓe ba.

"Aiki mai kyau," in ji Kawu.

"Albarkacinka ne, Kawu."

"A wace kasuwa kake saro su?"

Murmushin ya gudu. Mai Sandal ya shiga rantse-rantse cewa ba a taɓa shigo da takalmin kasuwa shagon nan ba, duk abin da ke kan kanta aikin hannu ne, in ma ba a jin guduma, ai yanzu a gida ya fi yin aikin saboda hayaniyar titi. Kawu na ta gyaɗa kai kamar ya yarda. Maman Biyu ta taɓa Bahaguwa da gwiwar hannu, alamar an tsallake.

Sai idon tsohon ya sauka a kan wuƙar.

Wata tsohuwar wuƙa ce ta fere gefen fata, ƙotarta ta katako ta tsage an naɗe ta da waya. Tasa ce tun yana saurayi, ya ba Mai Sandal ita ranar da ya yaye shi. Ya ɗauke ta a hankali, fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda ya haɗu da tsohon aboki a tasha. Ya jawo guntuwar fata ya ɗora a kan tebur, ya kwantar da wuƙar ya tura.

Wuƙar ta zame, ba ta ci komai ba.

Ya sake turawa. Ta nutse ta yaga fatar.

Ya ɗaga ta zuwa hasken ƙofa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon bakinta.

"Wa ya juya wa wuƙata baki?"

Nan take Bahaguwa ta gane inda aka kama su. Irin wannan wuƙa gefe ɗaya ake wasa ta, gefen da ya dace da mai dama. Farkon kama aikinta kullum sai ta zame mata, har ta taɓa yanke ta a yatsa. Shi ne ta samu dutsen washi ta riƙa cin ɗaya gefen kaɗan-kaɗan, har wuƙar ta koma ta mai hagu. Ta tuna da shara, ta tuna da warin gam, ta tuna da jera kaya a dama, amma wuƙar da ta zame mata kamar yatsanta sam ba ta faɗo mata a rai ba.

Mai Sandal ya yi ta maza ya ce ai mai wasa wuƙaƙe na yawo ya ba, shi ya ɓata ta. Kawu ya ce masa mai yawo sauri yake yi, wannan kuwa washin haƙuri ne, na mutumin da ke aiki da ita kullum kuma yake son ta. Ya ajiye wuƙar, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskanci ƙofar baya.

"Mutum ɗaya na sani mai hagu a gidan nan."

Maman Biyu ta fara ja da baya, wai ta bar ruwa a wuta. Bahaguwa ta riƙe mata mayafi gam.

"'Yar nan, nuna min hannunki."

Ta matso ta durƙusa, ta miƙa na dama.

"Ɗayan."

Ta miƙa. Ga kantar basilla a tafin, ga layin da zare ya ci a ɗan yatsa, ga tabon wuƙa. Kawu ya duba ya saki. Sannan ya juya wajen ɗan ƙanwarsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kai kuma fito da naka daga aljihu."

"Kawu..."

"Fito da shi."

Ya fito da shi. Hannun ya shiga rawa a fili, yatsun na karkarwa, ya sa na hagu ya danne amma bai tsaya ba. Wannan hannun ne Kawu ya riƙe yana yaro ya koya masa huda fata. Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Wallahi ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na ɗan numfasa.

Sai Kawu ya fara faɗa. Ya ce ciwo ba laifin kowa ba ne, amma a ce ɗan da ya raina ya faɗi ya nakasa hannu, shi yana ƙauye yana ta yi wa mutane alfahari da shi, ba wanda ya ga ya isa a gaya masa? Ya ce sun mayar da shi baƙo, sun shirya masa shago kamar ana shirya wa mai duba tsafta.

Mai Sandal kansa na ƙasa. Ya ce tsoro ya ji. Tsoron a karɓe shagon, da tsoron bakin mutanen layin nan, waɗanda in suka ji mace ke ciyar da shi da sana'arsa ba zai sake iya zama a cikinsu ba. Ya ce shi ya roƙe ta ta rufa masa asiri, ita kuwa ba ta taɓa ce masa ta gaji ba.

"Ka san na riga na yi wa mai caji magana?" in ji Kawu. "Na ce masa in na tarar ba a ɗinki, shagon nasa ne."

Nan ne Bahaguwa ta ji wani abu ya taso mata. Ita da ko a gida ba ta cika ɗaga murya ba, sai ga ta tana magana ba tare da an ba ta izini ba.

"Kawu, ka yi haƙuri in faɗi tawa."

Ya kalle ta, bai hana ba.

Ta ce ba a daina ɗinki ba ko na rana ɗaya, wuri kawai aka sauya. Ta ce duk abin da ta iya, Baban yara ne ya zauna kusa da ita ya koya mata da baki, in ta karkace ya sa ta warware, in ta yi kuka ya jira ta gama ya ce ta sake. Ta nuna Maman Biyu, ta ce wannan baiwar Allah tun da mijinta ya rasa aiki 'yan biyunta ke zaune a gida, da yankan maɗaurin nan suka koma aji. Akwai kuma wasu mata biyu a layinsu, ɗaya na shafa gam, ɗaya na saka ƙarfen maɗauri, kowacce yanzu tana sayen sabulunta da maganin ɗanta ba sai ta jira an miƙo mata ba.

"In ka rufe shagon nan, Kawu, ba mu kaɗai ka rufe wa ba."

Maman Biyu ta share hawaye da bakin mayafi, ta ƙara da cewa ita dai ko almakashi ba ta iya riƙewa ba da, yanzu kuwa ido rufe take fitar da maɗauri. Kawu ya ce mata ta riƙa buɗe idon dai, fata na da tsada.

Ya tashi daga kujerar aiki, ya nuna wa Bahaguwa.

"Zauna."

Ta kalli ƙofar shagon. A buɗe take wangame, kuma faɗan Kawu ya riga ya tara mutane. Ga tela ya bar kekensa, ga mai shayi da ludayi a hannu, ga mai caji a gaba-gaba yana leƙe kamar an gayyace shi.

"A nan, Kawu?"

"Da a ina? Shago ai nan ne."

Ta kalli mijinta. Bai ɗago ba. Ta zauna a ɗofane. Ta kai hannu za ta ɗauki basilla, sai ta ji komai ya yi mata nisa. Sai kawai ta fara kwashe kayan ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su hagu: guduma, almakashi, zare, gam. Da ta gama sai ta ji kujerar ta zauna mata daidai.

Kawu ya tura mata fata da wuƙar. Ta kwantar da ita ta tura sau ɗaya, gefen fatar ya tashi siriri ya naɗe kamar ɓawon albasa. Ta huda, ta zura zare, ta ja. Tun tana jin idanun mutane a bayan wuyanta har ta manta da su, ya rage daga ita sai fatar. Tela ya matso har bakin kanta yana kallo, bakinsa a sake.

Da ta ɗaure zaren ta yanke, Kawu ya karɓa ya duba. Bai yaba nan take ba, ai kun san hali. Ya nuna mata kwanar da ta ja zare da yawa har fatar ta ɗan tattare, ya ce in ruwa ya taɓa wurin, nan zai fara ciwo a ƙafar yaro. Ta duba ta ga gaskiyarsa, ta ce za ta gyara.

"Da sauranki," ya ce. "Amma hannu ne."

Ya juya ga Mai Sandal ya buɗe tafinsa.

"Makulli."

Mai Sandal ya lalubo shi da hagu ya miƙa. A waje mai caji ya gyara tsayuwa, har ya fara auna bangon da ido.

Kawu ya ɗora makullin a tsakiyar tebur. Ya ce shi bai sauya magana ba, kuma bai saɓa wa kowa alkawari ba. Ya ce wa mai caji in ba a ɗinki shagon nasa ne, to ga ɗinki kowa ya gani. Shago na mai aiki da hannunsa ne, yau kuma ya ga hannun. Sai dai ya ƙara sharaɗi ɗaya: an gama aikin ɓoye. A nan za ta zauna, ƙofa a buɗe, ita da matan da ke taya ta, duk wanda ya tambayi mai ɗinki a nuna masa ita.

"Ɗauki, 'yar nan."

Bahaguwa ta kalli makullin. Allah ya sani tana so. Ta daɗe tana jin ana yabon takalmanta ta bayan labule, tana haɗiye daɗin ita kaɗai. Amma ga mijinta tsaye a gaban duk mutanen layi, an tuɓe masa abin da ya fi jin tsoron a tuɓe masa. Ta mayar da hannuwanta kan cinya.

"Kawu, ba zan ɗauka ba sai Baban yara ya ce."

Kowa ya juya gare shi. Ya taka a hankali ya nufi ƙofa, ya fita. Maman Biyu ta dafe ƙirji. Bahaguwa ta ji idonta ya ciko, ta ce a ranta shi ke nan, ta samu shago ta rasa kwanciyar hankalin gida.

A bakin ƙofa mai caji ya tare shi da dariyar ƙeta, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ashe dai madam ce ogan? Mu muna nan muna ta gaida kai."

Mai Sandal ya tsaya. Ya kalle shi daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a ƙafarsa.

"Wannan na ƙafarka, da ka ce min ba ka taɓa sa takalmin da ya kai shi daɗi ba, ita ta ɗinka. In ya dame ka cire ka ba ni."

Mai shayi ne ya fara fashewa da dariya, tela ya kama, har yaran da ke wucewa suka taya ba su san dalili ba. Mai caji ya kalli ƙafarsa, ya rasa inda zai ɓoye ta, ya shige shagonsa wai ana kiransa a waya.

Mai Sandal bai koma ciki nan da nan ba. Ya fuskanci sauran, ya ɗaga hannun nan mai rawa sama yadda kowa zai gani, ya ce ga abin da yake ɓoyewa a aljihu, yau ya huta. Sannan ya dawo ciki, ya tsaya a gaban tebur. Da hannun daman ya dafa makullin, yana karkarwa yana ƙara a kan katako, ya tura shi a hankali har ya kai shi gefen hagunta.

"Ɗauki, Maman yara. Ni zan riƙa karɓar baƙi, in kuma duba miki kwanar ɗinki."

Ta ɗauka. Hawayen da take riƙewa suka zubo, tana yi tana dariya. Maman Biyu ta rungume ta ta baya, tana tambayar Kawu ko ita ma za a samo mata kujera mai jingina, don bayanta ba ya son benci. Sai a lokacin Kawu ya ɗauki shayinsa, ya kurɓa, ya ce ya huce.

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagon.

Direba ya fito ya buɗe baya, ya ciccibo wani kwali. Bahaguwa ta gane shi tun daga nesa, don ita ta ɗaure shi da igiya da hannunta. Kwalin sandal ɗin makaranta ne, wanda suka miƙa makon jiya.

Bayansa shugabar makarantar ta fito, doguwar mace mai tabarau, fuskar nan ba alamar wasa. Mutane suka dare suka ba ta hanya. Ta yi sallama a taƙaice, ta tsaya a tsakiyar shagon, sandal ɗaya a hannunta.

"Ina wanda ya ɗinka waɗannan?"

Mai Sandal ya ɗaga ƙafa zai matso, yadda ya saba. Sai ya tsaya. Ya mayar da ƙafar, ya koma gefe.

Kawu ya ci gaba da kurɓar shayinsa yana kallon silin.

Bahaguwa ta waiga. Ƙofar baya na nan kusa, taku kaɗan ta shige gida. Ta damƙe makullin a tafinta har ya yi mata zafi, ta share fuska, ta miƙe tsaye.

"Ni ce."

Shugabar ta sauke tabarau, ta kalle ta, ta kalli kayan aikin da ke jere a hagu.

"To ke nake nema. Direba, buɗe kwalin."